Littattafan mujiya da na sayo ma yara, ga yadda ta kaya

Saiti ne na littattafai uku masu hoto, wurin wata mai sayarwa a WhatsApp na saya, daga Kaduna ta sako min a mota na je tasha nan Birnin Kebbi na amsa. Kuɗin kam kun dai san yadda kayan yara na Turanci suka koma yanzu, a bar maganar. Duk ukun labarin dabbobin dare ne da karatu, wanda yara suka fi so shi ne wanda mujiya ke riƙe da laburare, sai dare ya yi ta buɗe, bushiya da jemage su zo aron littafi su maido kafin asuba.

Zane dai ba magana, ya yi kyau ƙwarai. To amma Inna, uwar maigidana, da ta zo daga Jega ta ga bangon littafin sai ta ɗau salati, wai ke yanzu ki rasa abin da za ki ba ɗiya su kwana da shi sai tsuntsun mayu? Ta ɗauke ta cusa ƙarƙashin katifa. Yarona ɗan shekara 6 ya sha kukansa ya ƙoshi, sannan ya je ya zauna gabanta ya ce Inna ai ɓeraye take ci, kuma idonta ba ya juyawa shi ya sa take juya wuya. Wallahi ban san ya riƙe ba, a shafin ƙarshe ne aka rubuta cewa mujiya na iya juya kanta har digiri 270 don ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7, sau ɗaya na karanta masa na fassara. Inna ta yi shiru can ta ce to in dai ɓera take ci a turo ta rumbunmu. Ta maido littafin, amma har ta koma gida in ta gan shi a kan tabarma sai ta kife shi.

Da a nan abin ya tsaya da na ce kowa ya saya. Sai dai a hoton da aka turo min duk masu bangon kwali ne, da suka iso ɗaya ne kawai mai kwali, sauran biyun takarda ce laɓe-laɓe, gam ɗin ma bai jure zafin garin ga ba, shafuka sun fara zubewa sai da na bi su da salatif. Na yi ma mai sayarwar magana ta ce wai haka kamfani ya turo. Shi ke nan fa, ko haƙuri babu.

Sannan yawancin dabbobin ba namu ba ne. Akwai wata mai baƙin ido ta Amurka da ban ma san sunanta da Hausa ba, amma babu kura, babu beguwa, babu dabgi, ko yautai ba su sa ba. Jemagen littafin ƙwari yake kamawa ta hanyar sauraron amon kukansa, su kuwa manyan da yara ke gani kan mangwaro da magariba 'ya'yan itace suke sha, da ido da hanci suke aiki, sai da na zauna ina warware masu wannan. Kuma ko kalma ɗaya ta Hausa babu, kullum ni ce tafinta.

Yanzu yaron nawa ya dame ni sai na yi masa katin laburare irin na bushiya, alhali na makarantarsu kabad ɗaya ne kuma kullum a kulle. In za ku saya ku ce ta yi maku bidiyon littattafan tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya kafin ku tura kuɗi, kuma na mujiyar kaɗai ya isa, sauran biyun ba su ci kuɗinsu ba.