Littafin atisaye ko mushen kur, ni dai ga abin da na gani

Ƴar'uwa, kin tambaya wanne ya fi wajen gyara rubutun faransancin yaro, littafin atisayen nan mai amsoshi a baya ko mushen kur, wato malamin da zai riƙa zuwa gida yana duba rubutun yaro. To, duka biyun na kashe musu kuɗi lokacin da ɗiyata take CE2, aji huɗu na firamare.

Littafin ba zan ce ba shi da amfani ba, ga konjugezon, wato sarrafa aikatau, yana ɗan taimakawa. Amma jikka ukuna har yau ina jin zafinta, yarinya ta gano inda amsoshin suke ta kwafe abinta tas, ni kuma ina ta murna wai ta iya.

Mushen shi ne ya buɗe mini ido. Dattijo ne mai ritaya, daga unguwar Birni yake zuwa mana unguwar Garin Malam, nan cikin Damagaram, da kekensa sau 2 a sati bayan la'asar. Ranar farko ya karɓi kayenta na lakwal, littafin rubutunta, ya ga dikte, wato shifta, duk jan bik, ga sifili zagaye a sama, kin san dokar nan ta da, kuskure 5 sifili, ya ce Hajiya wannan sifilin bai gaya mata abin da za ta gyara ba, tsoro kawai ya saka mata. Shi ba ya ba da maki sam. Sai ya sa ta rubuta layi 5 kan abin da ta sani, tallar su na unguwa ko hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ta karanta da ƙarfi da bakinta, rabin kuskuren ma ita take jin su da kunnenta kafin ya yi magana. Abu ɗaya ko biyu kawai yake kamawa a rana, yau babban baƙi da aya, wani satin S ɗin jam'i, ya ja layi ƙarƙashin kalmar ya sa alama a gefe amma ba zai rubuta mata daidai ɗin ba, ita za ta nemo ta sake kwafewa. Kuma kullum sai ya fara nuna mata jimlar da ta yi kyau tukuna. Kafin ya tashi ya ba ta kalma 3 ta rubuta a ardwaz, ɗan allonta, ta ɗaga masa, nan take ya san ko ya shiga ko sai an koma.

Wata na farko na ƙosa wallahi, gani nake ba a ci gaba, sai da na jera takardun oktoba da na janairu gefe da gefe.

Ki yi hattara fa da masu sayar da littafin a kasuwa, da yawa fotokopi ne an manna bango mai ƙyalli, ki buɗe ki ƙirga shafi kafin ki biya. Masu kur ɗin ma akwai wanda zai rubuta wa yaro redaksiyon, wato insha'i, da kansa ya ɗora 9 bisa 10 don ki ji daɗi. Ki ce a nuna miki buruyon, takardar da yaron ya fara gwada rubutun a kai, in babu gogewa da karce a ciki ba yaron ya yi ba.

Ki ɗauki mushe. In kuɗin sun yi miki yawa ku haɗa da maƙwabciya, amma kar yaran su wuce 4.