Shafin binciken ƙungiyoyi na IRS da tantance masu neman aiki

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata na ƙungiyar agaji a Amurka ya san cewa kusan kowane mai neman aiki yana rubuta cewa ya goge a ƙungiyoyin da sashe na 501(c)(3) na dokar harajin ƙasar ya ɗauke wa biyan harajin tarayya. Da muka tashi neman mai kula da kuɗin ƙungiyarmu, abin da ya fi taimaka mana wajen raba gaskiya da ƙarin gishiri shi ne shafin hukumar haraji ta IRS mai suna Tax Exempt Organization Search, wanda kyauta ne kuma ba sai an yi rajista ba.

Ana shigar da sunan ƙungiya ko lambarta ta shaidar haraji, wato EIN, mai alƙaluma 9, kuma lambar ta fi, domin sunayen ƙungiyoyi suna yawan kama da juna. Shafin yana nuna ko gudummawar da aka ba ƙungiyar tana rage wa mai bayarwa haraji, yana kuma kawo kwafin fom 990, wato rahoton kuɗin da take miƙa wa IRS duk shekara. A nan amfaninsa ya fi fitowa. Wata mai neman aikin ta ce ita ce ma'ajin ƙungiyarsu, kuma da muka buɗe sashe na 7 na fom ɗin sai ga sunanta cikin jerin jami'ai, tare da sa'o'in da take aiki a mako. Wannan ya ba mu damar yi mata tambayoyi masu nauyi, kamar yadda suke ware kuɗin da mai bayarwa ya ɗora wa sharaɗi, da kuma yadda suke kauce wa goyon bayan ɗan takara, abin da doka ta haramta wa irin waɗannan ƙungiyoyi ɗungurungum. Akwai kuma jerin ƙungiyoyin da aka soke matsayinsu saboda sun yi shekara 3 a jere ba su miƙa rahoto ba, kuma wanda ya riƙe kuɗin irin wannan ƙungiya a lokacin ya cancanci a tambaye shi abin da ya faru.

Sai dai akwai iyaka da ya kamata a sani. Ƙungiyar da kuɗin shigarta bai wuce dala 50,000 a shekara ba tana iya miƙa ɗan gajeren rahoto na 990-N, wanda ba ya ɗauke da lissafi. Bayanan kuma sukan zo a makare, tunda ana miƙa rahoto ne ranar 15 ga wata na biyar bayan rufe shekarar kuɗi, kuma ana iya neman ƙarin wata 6.

Abin da ya fi damuna shi ne zaluntar mai gaskiya. Masallatai da coci-coci doka ba ta wajabta musu neman takardar amincewa daga IRS ko miƙa fom 990 ba, don haka da yawansu ba sa fitowa a shafin. Mun sami wani dattijo da ya daɗe yana riƙe da littafin kuɗin masallaci, kuma har wani daga cikinmu ya fara zarginsa don bai ga sunan masallacin ba. Da muka nemi wasiƙa daga kwamitin masallacin, muka kuma ba shi rahoton kuɗi ya yi mana bayaninsa layi-layi, sai ya nuna ƙwarewar da ta kai shi cikin mutum biyun da muka kira zagaye na ƙarshe.