Maganin sauke pH ɗin nan ya ci min kifi bakwai

Duk wanda ya gina ɗan tafkin siminti a tsakar gida, ya karanta wannan kafin ya kai kuɗinsa. Kwalbar nan ce mai shuɗin murfi ta maganin sauke pH, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar ruwa.

Birkila ya gama min tafki, bayan kwana huɗu na cika da ruwan bohol, na zuba kifin ado goma sha biyu saboda yara sun dame ni. Da na gwada pH ɗin ruwan sai na ga 9.6, alhali kifi tsakanin 6.5 da 8.5 yake so. Ruwan har santsi yake a hannu kamar an jiƙa kanwa. Mai shagon da na sayi maganin a wurinsa ya ce murfi biyu ya isa.

Gaskiya ya sauke. Kafin magariba ya koma 8, har na kira matata ta gani. Washegari da la'asar, 9.4. Raina ya ɓaci, na ƙara, na zuba murfi biyar lokaci guda. Cikin awa ɗaya ya faɗo 7.4. Kifin suka taso sama suna buɗe baki, ja mai fari a ka ɗin nan da autata ta raɗa wa suna Hajiya yana juyawa a gefe. Da asuba na kwashe bakwai da matatar shayi, a ɓoye, kafin yara su tashi.

Wani dattijo mai kiwon tarwaɗa a bayan layinmu ya zo ya shafa bangon, ya nuna min farin gari a yatsansa. Ya ce, "Malam, ai sabon siminti ne yake ta amayo ƙarfinsa, ko durom ka zuba sai ya dawo." Ashe faɗowar nan daga 9.4 zuwa 7.4 ninki ɗari ce a tsamin ruwan, ita ta kashe su.

To, a nan zan iya cewa maganin bai yi ƙarya ba, garajena ne. Na kwashe sauran biyar a baho, muka jiƙa kututturen ayaba a tafkin mako biyu, muka goge bango da buroshi, muka sauya ruwa sau uku. Yanzu 7.8 yake da safe, ya ɗan haura da rana in gansakuka ta samu hasken rana.

Amma duk lokacin da na ɗauki kwalbar sai abin ya dawo min sabo. Babu layi ɗaya a jikinta da ya ce kada a sauke da yawa a rana guda, ba a ambaci sabon siminti ba, rubutun ma sai da tabarau. Kuma na faɗa wa mai shagon da bakina cewa tafkin sabo ne! Na tura masa hoton kifin a WhatsApp, ya buɗe, yau kwana ashirin bai ce ko sannu ba. Rabin kwalbar na nan, mai so ya zo ya ɗauka.