Kwamin wankan Intex mai ƙafafun ƙarfe: ya isa filin wasan ruwa na bazara a Kaduna?

Filin wasan ruwa irin na zamani, mai tudun zamiya da kwamin da ke yin igiyar ruwa, bai daɗe a duniya ba. Wanda aka fi ambata a matsayin na farko shi ne Wet 'n Wild, wanda George Millay ya buɗe a birnin Orlando na Amurka a 1977, aka rufe shi a ƙarshen 2016. A jihohin Amurka masu sanyi, irin waɗannan filaye kan buɗe ne a ƙarshen Mayu su rufe a farkon Satumba. Mu nan Kaduna lissafin a juye yake. Watannin da suke buɗewa su ne daminarmu, ga hadari ga tsawa. A Disamba da Janairu kuwa ba uwar da za ta bar ɗanta ya shiga ruwa cikin sanyin hunturu da ƙura. Abin da ya rage mana shi ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Mayu, wata uku ke nan in an yi sa'a. Ƙaramar sallar 2025 ta faɗo tsakiyar wannan zafin, kuma duk wanda ya san yadda wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji ke cika da yara ranar yawon sallah ya san akwai kasuwa.

Gina kwamin siminti da tayil don wata uku asara ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Shi ya sa ido ke komawa kan kwamin da ake haɗawa a kwance, irin na kamfanin Intex. Wanda ake magana a kai shi ne zagayayye mai faɗin santimita 366 da tsayin 76. A cikin kwalin akwai ledar kwamin mai kauri, bututun ƙarfe na baki da na ƙafafu, mahaɗansu da fil-fil na roba, da ɗan abin faci. Akwai kwali mai famfon tace ruwa, akwai maras shi, hotunan kuma sun yi kama, don haka a karanta kafin a biya. A duba wutar famfon: wanda aka yi wa kasuwar Amurka na wuta 110 zuwa 120 ne, in aka soka shi a tamu mai 230 nan take zai ƙone.

Haɗawa ba wuya. Mutum biyu za su gama cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, babu buƙatar sifana. Aikin gaske yana ƙasa. Kwamin nan yana cin lita 6,503 in an cika shi yadda kamfanin ya ce, nauyin tan shida da rabi ke nan. Kada a ɗora shi a saman bene ko saman sokawe. Filin ya zama a baje daidai, kuma ido ba ya iya auna wannan. A ari siririn tiyon ruwan nan da magina ke daidaita gini da shi. In gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da santimita uku, ruwan zai jingina a kan ƙafafun gangare, su fara buɗewa, mahaɗan su tsage. Gyaran shi ne a kankare tudun, ba a cike kwarin da yashi ba, domin yashi yana gudu da zarar ya jiƙe. A tsince tsakuwa da ƙusa da saiwa, a shimfiɗa tamfol, a sa ɗan faffaɗan katako a ƙarƙashin kowace ƙafa in ƙasar mai laushi ce. A fara zuba ruwa kamar kaurin yatsa biyu, a shiga ba takalmi a ture tamoji zuwa gefe. In aka bari ruwa ya yi yawa ba za su sake miƙewa ba, kuma a cikinsu datti ke kwanciya.

Sai ruwan kansa, wanda masu saye ba sa sa shi a lissafi. Lita 6,503 jarka 260 ce mai cin lita 25, wato kurar ɗan garuwa mai jarka goma sau 26. Tankin lita 2,000 sai an juye shi sau uku da ɗoriya. A bazara kuma rijiyoyi ke ja baya, zafi da fantsamar yara suna rage ruwan kullum. Mai rijiyar burtsatse ya gwada ruwansa a bokiti tukuna: ya sa ɗan kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya jira. In ya koma kalar shayi, akwai sinadarin ƙarfe a ciki, kuma haka dukan kwamin zai yi. Maganinsa a sa kulorin da alif a wani tanki daban, a bari ya kwana, a ja na sama.

Raunin wannan kaya famfonsa ne. An rubuta yana jan lita 2,006 a awa, a takarda zai zagaya da ruwan duka cikin awa uku da 'yan mintuna. Da zarar matatar takardar da ke cikinsa ta sha jar ƙurar Kaduna da man shafawar yara, ƙarfinsa sai ya faɗi, ka sa hannu a bakin bututun da ke mayar da ruwa ka ji kamar ba ya aiki. Dole a ciro matatar a wanke da tiyo kullum, a canja ta bayan mako biyu, kuma a sayi huɗu ko shida tun ranar sayen kwamin don ba kowane shago ke ajiye ta ba. Ga yaran gida biyar ko shida ya wadatar. Ga wanda zai karɓi kuɗin shiga, yara ashirin su fita wasu ashirin su shiga, bai isa ba ko kusa. Sai famfo mai tace ruwa ta cikin yashi, mai jan lita 4,000 zuwa 6,000 a awa. A kashe famfon duk lokacin da mutum ke cikin ruwa, a sa masa na'urar da ke yanke wuta in ta zurare, kada kuma a bar mahaɗar waya a ƙasa inda ruwa ke malala.

Ruwa garau ba shi ne ruwa mai tsabta ba. A sayi takardun gwaji, a tsoma safe da rana: kulorin ya tsaya tsakanin 1 da 3, ma'aunin tsami (pH) tsakanin 7.2 da 7.8. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, giram 10 na ɗaga wannan kwamin da maki ɗaya. A narkar da shi a bokitin ruwa sannan a zuba, da yamma, don ranar Afrilu tana cinye shi cikin 'yan awanni. Ƙwayar kulorin mai narkewa a hankali ta fi jure rana, amma a sa ta a robarta mai yawo. In ta kwanta a kan ledar za ta ci launin ta busar da wurin. Kada a taɓa haɗa garin da ƙwayar a mazubi ɗaya, suna iya kama wuta. Kwana biyu ba kulorin ba famfo, bango zai yi santsi, gansakuka ta biyo baya. Yaron da ke gudawa kada ya shiga, domin akwai ƙwayar cutar da ke yin kwanaki a ruwa mai kulorin ba ta mutu ba.

Zurfin ruwan bai wuce santimita 60 da kaɗan ba. Ba a tsalle da ka a ciki, ba a zama a kan bututun baki. Wannan zurfin kuma ya isa ya halaka ɗan shekara biyu, shiru, ba ihu. Babba ɗaya ya tsaya a bakin kwamin ba waya a hannunsa, ƙanana su kasance inda hannunsa zai kai.

Masu son ƙara armashi kan haɗa da tudun zamiya na hurawa, wanda daban ake sayensa. Injin iskarsa ba ya hutawa. Ana ɗauke wuta tudun zai fara lotsawa da yara a kai, don haka janareto za a ba shi tun farko. A ɗaure shi da turaku aƙalla shida. Ƙa'idar Turai ta ce a sauke irinsa in iska ta kai kilomita 38 a awa, kuma guguwar da ke gaban ruwan farko a Kaduna tana iya wuce haka. Da an ga hadari ya haɗo daga gabas a fitar da kowa, a sace iskar, kada a koma ruwa sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Ga gida mai fili a Malali ko Barnawa ko Rigasa, kwamin ya cancanci kuɗinsa, zai yi bazara da yawa in an kula da shi. Ga sana'a, kayan gida ne, ledarsa da ƙarfensa ba na turmutsutsu ba ne. Damina na kankama a zubar da ruwan ta tiyo zuwa kwata, nesa da gindin katanga, don in aka bar shi sauro zai ƙyanƙyashe a ciki cikin mako guda zuwa kwana goma. A wanke ledar, a shanya ta bushe ƙarau, a goge bututun saboda tsatsa takan fara ne daga mahaɗai, a ajiye ledar a cikin durom mai murfi, don ɓera na son ta.