Lesin ɗin Turanci na bayan Isha'i a Zoo Road

Masu tambayata lesin ɗin da nake zuwa can wajen Zoo Road, gaskiya malamin ya iya koyarwa ba wai haddar nahawu kawai ba. Misali ranar da ya ɗauko neglect, ai kusan dukkanmu sakaci muka sani shikenan, sai ya ce a'a ku tsaya, neglect shi ne ka bar abin da yake hakkinka ne ka kula da shi, uba ya bar yaransa ba ci ba makaranta, ko maigida ya bar rufi yana yoyo har damina ta wuce, kuma kalmar tana zuwa a aikatau tana zuwa a suna. Negligence kuma ita lauyoyi suka fi riƙewa a kotu, irin sakacin likita ko direba da ya jawo wa wani asara. Careless na mai rashin lura ne, wanda zai manta mukulli a jikin mashin. In kuwa halin ko-in-kula kake nufi, abin bai ma dame ka ba, to indifferent za ka ce. Ya ja mana kunne kan negligible, wai kar a ruɗe, ita ɗan abin da bai taka kara ya karya ba take nufi.

Matsalarsu ɗaya zafi wallahi, ajin ya cika maƙil kuma in aka ɗauke wuta sai a jima kafin a tada janareto. Kuɗin wata dai da sauƙi. Ku je da wuri ku kama bencin gaba, na baya ba sa jin malam sosai.