Tsohon kabad ko sif mai sheƙi: wanne za ka saya don gyarawa?

Na taɓa sayen wata sif wajen dillaliya, cikin kayan ɗakin da aka fitar, fara tas, madubinta ko tsaga babu. Sai da muka zo ɗora ta a mota ƙasanta ya dagargaje a hannuna kamar gurasar da ta sha romo. Ashe MDF ce, ruwan goge ɗaki ya daɗe yana shigarta ta ƙasa. Tun daga ranar, in na je taya tsohon kaya, bayansa nake fara leƙawa.

MDF garin katako ne da aka cuɗa da gam aka matse. Yana da nauyi sosai, saboda haka kada nauyi ya ruɗe ka. Jawo durowa ka duba gefen da ba a rufe ba: in ka ga gari-gari, babu jijiyar itace, shi ne. In ya kumbura ba ya komawa, ramin sukuru kuma in ya zarme da wuya ya sake riƙewa. Wanda bai taɓa ruwa ba za ka iya saya da arha ka yi masa fenti, iyakar abin da zai karɓa ke nan. Filawud ya fi shi juriya, za ka gane shi da hawa-hawan da ke gefensa, sai dai fatar samansa siririya ce, in ka matsa da samfefa sai ka huda ta.

Inda gumi ke biyan kansa shi ne katakon asali, irin teburan ofis da kabad-kabad na iyayenmu da aka jefa a zaure ƙura ta rufe. Maɗaci ja-ja ne, in ka kankare shi ka shafa masa banish sai ka rantse yau ya fito daga shago. Loko, wanda 'yan kudu ke kira iroko, yana ƙara duhu da shekaru, kuma gara ba ta cika samun galaba a kansa ba. Obeche fari ne, shafal, farce ma yana shiga jikinsa. Yana da daɗin aiki ga mai koyo, amma ƙwari na sonsa kamar me. In kuwa Allah ya haɗa ka da kujerar maɗobiya, kada ka tsaya dogon ciniki. Tun 2017 itacen ya shiga jerin yarjejeniyar duniya ta CITES na itatuwan da ake taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda saran da aka yi masa a Afirka ta Yamma.

Katako mai kyau ma sai an gwada shi. Ƙwanƙwasa ƙafafu da yatsa. In ka ji amo kamar na ƙwarya, gara ta gama da ciki, fata kawai ta bari. Ƙananan huji kamar na allura da gari mai laushi a ƙasa na nuna ƙwaron yana nan da ransa. In hujin kaɗan ne, maganin ƙwarin katako na Solignum a sirinji yana maganinsu. In ƙafa ɗaya ce ta mutu, ciro ta ka kai 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano ko Panteka a Kaduna a yanka maka irinta. Girgiɗi kuwa ba aibi ba ne, hunturu ne ya tsotse katakon mahaɗa ta saki. Farin gam da ɗauri na kwana guda sun isa. Ni har murna nake in kujera na rawa, domin a nan nake cewa, "Haba Alhaji, dubi fa yadda take girgiɗi," a rage mini wani abu.

Injin goge katako yana da sauri a kan faffaɗan tebur, amma ba ya shiga lungun ƙafar kujera, ga shi sai da wuta. Mai farawa ya sayi samfefa lamba 80 da 120 da 220, ya naɗe a guntun katako, ya riƙa bin jijiya. In tsohon fenti za ka kankare, yi a waje da takunkumi, ka kori yara, domin wasu fentin na da suna ɗauke da dalma.

Saura shafi. Fenti na mai tabo ne da wanda aka yi wa faci. Maɗaci da loko banish ya dace da su, shafi biyu ko uku marasa kauri, kana ɗan gogewa da lamba 220 a tsakani. Man linsid yana fito da launi a hankali ba tare da ƙyalli ba, amma ba ya tare ruwa kamar banish, kuma tsumman da ya jiƙe da shi yana iya kamawa da wuta da kansa in an dunƙule shi, don haka a shanya shi a fili. Da damina banish yana jinkirin bushewa. Da hunturu yana saurin bushewa, amma ƙura na manne masa, sai ka yayyafa ruwa a daɓe ka turo ƙofa kafin ka tsoma buroshi.