Sikeli mai auna kitse: ya dace da mai jinyar dajin hanji?

Irin sikelin nan ne na gilashi mai ƙarafa huɗu a sama, a hau ba takalmi, ya aika sakamako waya ta Bluetooth. Na saya wa Yaya ne bayan an yi masa aikin dajin babban hanji, ana shirin fara masa kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Yaya mai jiki ne tun yana saurayi, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Alhaji, yanzu kam sai a rage teɓa."

Wajen auna nauyi ba ni da ƙorafi. Awonsa bai cika saɓa wa na asibiti ba, in dai a kan tayil ko daɓen siminti aka ajiye shi. A kan kafet kuwa ƙarya yake zubawa. Manhajar tana adana awon kullum ta ja layi, sai mu nuna wa likita ranar asibiti. Wannan ya yi amfani, domin da tsawo da nauyin mutum ake lissafa yawan maganin kemo.

Lissafin kitse da tsoka, wanda saboda shi kuɗin ya ninka na sikelin gama-gari, shi ne shirme. Ɗan lantarki marar ƙarfi yake turawa ta tafin ƙafa, sai ya yi kirdado daga ruwan jiki. Ranar da magani ya sa Yaya gudawa, kitsensa ya "ƙaru". Da ƙafafunsa suka ɗan kumbura, sai ga shi wai ya yi tsoka. Matarsa ta ga lambar kitse ta yi ja a waya, har ta fara rage masa tuwo.

Likitarsa ce ta taka wa abin birki. Ta ce gaskiya ne ƙiba na ƙara haɗarin kamuwa; a 2016 hukumar binciken daji ta duniya, IARC, ta lissafa dajin hanji cikin iri 13 da ke da alaƙa da yawan kitse. Amma bayan cutar ta kama mutum, zancen ya sauya. Wani bincike a kan majinyatan asibitocin Kaiser Permanente a Kalifoniya ta Amurka, shi ma na 2016, ya nuna masu ɗan jiki sun fi masu matsakaicin nauyi daɗewa a raye, ramammu da masu ƙiba fiye da kima kuma su suka fi shan wuya. Wannan ba lasisin cin maiƙo ba ne. Wasu daga cikin ramammun cutar ce ta riga ta cinye su kafin a auna su, kuma abin da ke riƙe mutum a lokacin kemo tsoka ce. Ana iya samun mai ƙaton tumbi amma tsokarsa ta zube. Masu bincike a hoton CT suke ganin haka, daidai ƙashin baya na ƙugu, ba a sikelin ɗaki ba.

"Hajiya, ku bar hana shi abinci," ta ce da matarsa. "Ƙwai, kifi, alale, kindirmo. In nauyinsa ya fara sauka ba gaira ba dalili, shi ne za ku kira ni." Ta kuma sa shi tattaki, tana mai cewa wani bincike mai suna CHALLENGE da aka buga a 2025 ya nuna motsa jiki mai tsari bayan kemo yana rage dawowar cutar. Yanzu bayan la'asar yake zagaya unguwa, yana mita.

Manhajar da Turanci take, rubutun ƙanana, dole sai yaron gida ya karanta masa. Takardar cikin kwalin ta kuma hana mai na'urar daidaita bugun zuciya hawa, abin da mai shagon bai ko ambata ba. In don majinyaci ne, a sayi sikeli mai batir na gama-gari da littafin rubuta awo, a sa ragowar kuɗin a cefanen kifi.